Asusun Tasi'u

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da kwabo ke da daraja, ana ce masa Malam Ilu mai wankin hula. Ku saurara, jama'a. Na bayan can, ku ajiye wayoyin nan, ba ɗaukar hoto kuka zo ba.

Bawan Allahn nan ba shi da gona, ba shi da rumfa a kasuwa. Sana'arsa ke nan: ya wanke hula, ya sa mata sitaci, ya kafa ta a kan katako ta bushe. 'Ya'yansa biyu, duk maza. Babban, Haladu, in ƙwallo ta shiga ƙafarsa sai unguwa ta ɗauki ihu. Ƙaramin, Tasi'u, ko ƙwallon ka ajiye masa a gaba sai ya shuri ƙasa. Shi abin da ya sa a ransa shi ne shiga 'yan agajin makarantarsu, ya sa kaki da bel, ya rataya usur, a yi fareti da shi.

To, Malam Ilu ya san ba a fafe gora ranar tafiya. Sai ya je wurin mai tukwane ya sayo asusu biyu na ƙasa, ya ajiye a saman kabad. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci, sai ya kira yaran. Abin da ya jefa a na Haladu, shi zai jefa a na Tasi'u. Ya ce musu, "Abinci da littafi wuyana ne. Wannan kuwa na wasanku ne. Kowa ya fasa nasa bayan Babbar Salla, ya sayi abin da ransa ke so."

Tasi'u har ya mai da abin al'ada. In an jefa, sai ya ɗauki asusun ya girgiza a kunnensa, ya ce, "Baba, kakina ya ƙara nauyi."

Ana nan, saura wata biyu Salla, sai mai horar da 'yan ƙwallon unguwar ya yi sallama. Ya ce za a yi gasa a birni, za a zaɓi yara, kuma ya sa sunan Haladu. Amma ana son kuɗin mota, da riga, da takalmin ƙwallo sabo, cikin kwana goma.

Aka fasa asusun Haladu. Kuɗin mota ya fita, riga ta fita. Takalmi babu.

Nan fa 'yan shawara suka taso. Kun san su, ai muna da su a nan. Mutumin da bai taɓa saya wa ɗanka ko alewa ba, ranar da za a kashe kuɗinka shi ne a sahun gaba. Ogansu shi ne yayan Malam Ilu, wanda yaran ke kira Baffa Mati. Ya zo ya tsuguna a bakin bahon wanki.

Ya ce, "Ilu, wai kai wane irin mutum ne? Ga kuɗi a saman kabad, kana cewa babu."

Ya ce, "Yaya, wancan na Tasi'u ne."

"Na Tasi'u! Da gumin wa aka tara? Haladun nan in aka ɗauke shi, kai da wankin hula har abada. Shi kuwa wancan me ake samu a fareti, ban da hagu-dama a rana?"

Malam Ilu ya ci gaba da cuɗa hula. Ransa ya ɓaci, don maganar ta taɓa inda ke masa ciwo. Shi ma fa yana son ɗansa ya je. Shi ma ya gaji da sabulu yana cin hannunsa.

Sai Baffa Mati ya rage murya. Ku ji dabarar shaiɗan, ku ji yadda take zuwa da sauƙi. Ya ce, "Asusun ƙasa ai duk kamarsu ɗaya. Ka fasa, ka sayo wani na kwabo biyu, ka zuba masa tsakuwa da marafan kwalba. In ya girgiza zai ji ƙara, zai ji nauyi. Kafin Salla Allah Ya hore ka mayar. Wa zai sani?"

Haladu yana zaure, duk yana ji, kuma har cikin ransa yana addu'ar Baba ya yarda.

Malam Ilu ya ɗago ya ce, "Yaya, Tasi'u ba zai sani ba. Ni fa? Duk Juma'a zai girgiza a gabana ya ce kakinsa ya ƙara nauyi, ni kuma in ce masa me?"

"To, ka roƙe shi mana! Ai zai ba ka."

"Shi ya sa ba zan roƙa ba. Yaro ɗan shekara tara, ubansa ya ce ba ni, yana da bakin cewa a'a? Wannan ba roƙo ba ne, ƙwace ne da murmushi."

Baffa Mati ya kaɗe riga ya ce, "Taurin kai dai kamar na jaki." Ya tafi. Ku lura, ko sisi bai ajiye ba.

Malam Ilu ya bi shaguna yana karɓo huluna har na ƙauye, ya fasa ɗinka wa kansa rigar Salla. Abin da ya taru bai kai sabon takalmi ba. Na gwanjo ya saya, ya kai wa mai gyaran takalmi ya ɗinke bakin. Haladu ya karɓa ko godiya babu.

Na ga wasunku sun gyara zama, kuna jira in ce an ɗauki Haladu, ya yi kuɗi, ya kai ubansa Makka. Ba a ɗauke shi ba! Ya je, ya buga, ya dawo. Ko takalmin ne, ko ba rabonsa ba ne, Allah ne masani. Unguwa kuwa ta yanke hukunci: Ilu ya kashe wa ɗansa arziki saboda kakin fareti. Haladu ya yi sati uku gaisuwa kawai ke haɗa shi da ubansa. Malam Ilu ya shanye, amma abin ya ci shi.

Bayan Salla da kwana biyu, gida cike da 'yan yawon Salla, har da Baffa Mati da ya zo cin nama. Tasi'u ya sauko da asusunsa, ya kira abokansa biyu su shaida. Ya ce, "Yaya Haladu, kai ka fi ƙarfi, fasa mini."

Haladu ya karɓa. Ya buga da ƙasa. Kuɗi suka watsu tsakar gida, kwabo da sule, har ƙarƙashin turmi. Tasi'u ya dinga tsalle yana cewa, "Na faɗa muku! Na faɗa muku Baba ba ya tsallake Juma'a!"

Malam Ilu ya dubi yayansa, a hankali ya ce, "Yaya, da tsakuwa ce ta zube yanzu fa?"

Baffa Mati ya ci gaba da taunar namansa. Haladu kuwa ya durƙusa yana tsince kuɗin ƙanensa ɗaya bayan ɗaya, hawaye na ɗiga a kan ƙasa. Shi ya riƙe hannun Tasi'u zuwa wurin tela.

To, jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi. An umarce mu da adalci tsakanin 'ya'yanmu, ba a ce sai wanda ya iya ƙwallo ko ya zo na ɗaya a aji ba. Amma mu fa? Kai, kuɗin anko ba ya gagararka, na kallon ƙwallon Turawa ba ya gagararka. Ɗanka ya ce ana son kuɗin rigar wasa sai ka hau faɗa kamar ya zage ka, don ba ka tanada ba. In kuwa ka tanada, sai ka juye duka a kan wanda kake ganin zai fitar da kai daga talauci, sauran su yi ta kallo. Sannan ka tsufa kana mamakin me ya sa ba sa ga-maciji da juna. Kai ka shuka!

Ku ware wa kowane yaro nasa, ko kaɗan ne, kuma kada ku taɓa shi a ɓoye. Kowane ɗa yana da asusu a wurin ubansa, yana girgizawa yana jin nauyi, ya yarda da kai. Ranar fasawa tana nan zuwa, in ba a tsakar gidanka ba, to a gaban Ubangiji. Kowa ya koma gida ya tambayi kansa abin da ya zuba a ciki.

Allah Ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu. Ku tashi a daidaita sahu.