Yadda Gwamma Ta Tsare Rana da Gaisuwa

Dalilin da ya sa yini yake yin tsawo da bazara, rana ta fito da wurwuri ta ƙi faɗuwa, zafi ya bi mutum har cikin inuwa, ba wani abu ba ne illa gaisuwa. Na ga kuna murmushi, yara. Ku adana haƙoranku, wannan ba labarin dariya ba ne.

A zamanin da, tsawon yini ɗaya ne duk shekara, zafi kuma daidai wa daida. Rana baƙuwa ce mai kunya da ladabi. Kullum da yamma sai ta sauko ta tsaya a gidan ƙarshe na yammacin gari, a ba ta ruwa ta sha, a ce mata, "Sauka lafiya, ki gai da gida," sannan ta wuce. Kun dai san baƙon kirki ba ya tashi sai masu gida sun sallame shi. To, haka ita ma take.

Gidan nan na wata tsohuwa ne mai suna Gwamma. Ta haifi 'ya'ya da yawa, duk ƙasa ta rufe su, sai guda ɗaya tak, Barmo, mai sana'ar haƙar rijiya. Ƙato ne da gemunsa, amma ko tari ya yi sai hankalin uwarsa ya tashi.

Da bazara ake haƙar rijiya, don a lokacin ruwa ya fi yin ƙasa. Wata rana Barmo yana cikin sabuwar rijiya a bayan gidansu, har ya kai ga danyar laka, alamar ruwa ya kusa, sai gefen ramin ya zabtare ya rufta masa. La'asar ta riga ta yi sanyi. Maza suka rugo da diga da kwanduna, Jatau abokin aikinsa yana gaba. Da suka kasa kunne, sai suka jiyo murya daga ƙarƙashin ƙasa.

"Ina nan da rai! Ku yi sauri!"

Lakar tana da taushi, tana ɗebuwa ko da hannu. Amma Jatau ya ɗaga kai ya dubi sama, ya ce wa Gwamma, "Iya, in duhu ya yi mun gama. Fitila mutuwa take yi a cikin rami."

Ana cikin haka Rana ta yi sallama a ƙofar gida. Gwamma ta fito da ƙwaryar ruwa. A nan dabara ta faɗo mata, dabarar da ni ma da ni ce ita zan yi.

"Maraba, maraba. Ina gajiya?"

"Ba gajiya, Iya."

"Ina aiki? Yaya mutanen gabas? Kin baro su lafiya?"

"Lafiya lau, suna gaishe ki."

Gwamma ta shimfiɗa tabarma, ta ƙaro ruwa, ta koma ta faro gaisuwar daga tushe. Ta tambayi lafiyar hanya, ta tambayi lafiyar gajimare, ta tambayi lafiyar waɗanda ba ta taɓa sani ba. Rana tana amsawa tana gyara zama, kunya ta hana ta katse babba.

Can dai Rana ta sassauta murya ta ce, "Iya, ki yi haƙuri ki sallame ni. Na san abin da ya same ki. Amma ba haske kaɗai nake ɗauke da shi ba, zamana wuri ɗaya ba alheri ba ne."

Gwamma ta ce, "Haba 'yar nan, yanzu kika zo. Ina wuni?"

Tsoro ne ya toshe mata kunne. Ita dai a ga hanya a ciro mata ɗanta.

Zafi ya fara hawa. Tabarmar ta yi baƙi, ruwan ƙwarya ya ƙafe. Kaji suka buɗe baki suka zube a gindin rumbu. Ganyen kuka da ya fara tohowa ya ƙanƙance. A bakin rami maza suna sumewa, ana janye su, wasu suna shiga. Haske kam ga shi nan tarwai, kamar yadda Gwamma ta so.

Sai Jatau ya kai sara da diga, ta yi ƙara ta dawo masa. Ya sake sarawa, ƙotar ta karye. Danyar lakar nan da ɗazu ake ɗiba da hannu ta gasu ta ƙandare, ta zama kamar gindin tukunya. Suka yi ta bugu har tafin hannunsu ya fashe. Muryar da ke ƙasa ta daina cewa a yi sauri, ta koma neman ruwa. Daga nan ta koma kiran "Iya". Daga nan shiru.

Jatau ya zo ƙofar gida, ya durƙusa, ya kasa ɗaga kai.

"Iya, sai haƙuri. Ƙasar ce ta gasu a kansa. Da da sanyi ne, ko da lalube da mun kai gare shi."

Gwamma ta dubi Rana, Rana ta sunkuyar da kai. Tsohuwa ba ta yi kuka ba, ba ta yi zagi ba. Ta miƙe ta tafi bakin ramin, ta zauna a kan ƙasar nan mai ƙuna, ta dafa ta da hannu biyu. Baƙin ciki ya ɗaure mata harshe, kuma ba ta ƙara furta ko kalma ɗaya ba har ta bar duniya.

Rana ta yi ta jira a ƙofa a sallame ta. Ba wanda ya kula ta. Da jira ya ishe ta, sai ta sulale a hankali, idonta jawur, ta tafi ba da izinin kowa ba.

Shi ya sa har wa yau, duk shekara in lokacin nan ya zagayo, Rana take sammako, ta yi ta jan ƙafa da yamma, ƙasa tana tsagewa a ƙarƙashinta. Tsofaffi su ce zafin bana ya fi na bara, masu awon yanayi su faɗi nasu a rediyo. Rana kuwa tana tsaye ne a ƙofar gidan da ba kowa, tana jiran a ce mata ta sauka lafiya.