Barde Gwano da Dakarun da Aka Tura Ƙetare

An yi wani tsohon turmi da aka yar a bayan wata bukkar gona, ya yi shekaru a kife ba mai waiwayarsa. Ƙananan halittu suka taru suka kafa gari a jikinsa, suka sa wa garin suna Gindin Turmi.

Sarkin garin wani ƙadangare ne mai jan kai, ana ce masa Sarki Jangwada. Ba mugu ba ne, in za a faɗi gaskiya. Ciwonsa ɗaya ne, son a yabe shi. Kullum da hantsi sai ya hau kan turmin nan ya baje yana shan rana, yana gyaɗa kai, ko an yi magana ko ba a yi ba.

Shugaban mayaƙansa kuwa wani baƙin gwano ne mai suna Barde, yana da dakaru ɗari uku. Shi Barde bai iya lanƙwasa magana ba, yadda ta zo masa haka yake ajiye ta. Aikinsa shi ne kowace safiya ya zagaye turmin da dakarunsa su fatattaki gara, don gara in ta samu itace ba ta barin komai sai ɓawo.

To, gwano suna da wata al'ada ta tafiya. Ba da ido suke gane hanya ba. Na gaba yana tafe yana barin warinsa a ƙasa, na baya yana bin warin, a jere kamar zare. Ta layin da suka tafi ta nan suke dawowa, in kuwa layin ya goge an shiga uku.

Wata rana a ƙarshen bazara sai ga Gafiya ta tsallako busasshiyar ƙorama ta zo fada. Ita kuma Allah ya yi mata zaƙin baki.

Ta faɗi ta yi gaisuwa, ta ce, "Ranka ya daɗe, a ƙetare ba a hirar kowa sai taka. Cewa ake yi duk yankin nan ba sarki mai dakaru irin naka. Ga shi gara ta addabi rumbuna. In ka ara mini su na kwana uku kacal, mu mutanen ƙetare za mu naɗa ka Garkuwan Ƙetare, har da kalangu."

Jin kalangu sai jan kan Sarki ya ƙara ja.

Barde ya bari aka watse, ya same shi shi kaɗai, ya ce, "Ranka ya daɗe, hadari ya fara haɗuwa a gabas. In ruwa ya sauka yarana suna can, layinmu zai goge, ƙorama ta kawo, ba su da hanyar gida. Kuma wa zai tsare turmi?"

Sarki ya gyaɗa kai. Barde ya koma gida da murna, har ya ce wa dakarunsa su kwantar da hankalinsu.

Gari na wayewa sai ya ji ana shela, wai Sarki ya amince, jibi dakaru za su tafi ƙetare. Barde ya sake komawa, ya maimaita maganar tiryan-tiryan. Sarki ya sake gyaɗa kai, amma shela ba ta canja ba.

Ran tafiya gari ya cika maƙil, an zo bankwana. Sarki yana kan turmi yana jawabi a kan zumunci da maƙwabta. Barde yana ƙasa yana kallon dakarunsa a jere, ya san sunan kowannensu, ya san wanda ke ɗingishi da wanda ke tsoron ruwa. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Bai san lokacin da ya ɗaga murya ba.

"Ranka ya daɗe, ina da tambaya! In an yi ruwa, ta ina za su dawo?"

Kowa ya juyo ya dube shi.

Sarki ya leƙo ya ce, "Kai Barde, a gaban jama'a? Fada ba ta da ɗaki ne?"

"Tana da shi, ranka ya daɗe. Sau biyu na faɗa maka a ɗakin, sau biyu kana gyaɗa mini kai."

"Haka wuyana yake! Tun ina ƙarami haka yake yi!"

Wani daga baya ya tuntsure da dariya, ya yi maza ya mayar da ita tari.

Barde ya ce, "To bari in tambayi bakinka, tunda wuyan ba ya jin magana. Me za mu samu a ƙetare?"

"Suna!"

"Sunan wa?"

Gafiya ta yi farat ta ce, "Ashsha! Ni ban taɓa ganin inda bawan sarki ke titsiye sarki haka ba. Ko dai tsoro ne ya kama Barde?"

Barde ya juyo ya ce, "Ke kuma, rumbunki ne ko rumbun mutanen ƙetare? Su waye ma mutanen ƙetaren nan? Ni ban taɓa ganin kowa a can ba sai ke."

Gafiya ta shiga sosa kunne. Amma Sarki ya riga ya hasala, ba don maganar ba, sai don dariyar nan da ya ji.

Ya ce, "Na tuɓe ka! Tunda turmi kake so, zauna ka tsare shi kai kaɗai. Sauran ku bi Gafiya."

Dakaru suka dubi Barde. Da ya ce su tsaya da sun tsaya, shi ma ya san haka. Amma ya ce musu, "Umarnin Sarki ne, ku tafi. Ku dai matse layi, kada kowa ya ratse." Ya raka su har bakin ƙorama, ya tsaya yana kallo har na ƙarshe ya haye.

Kwana biyu ba a yi ruwa ba. Sarki kullum sai ya leƙo daga kan turmi ya ce, "Malam mai duba, ina ruwan naka?" Barde kuwa yana ta fama da gara shi kaɗai, in ya kori ɗaya goma su shige.

Rana ta uku da la'asar aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ƙorama ta kawo har ta tumbatsa.

Da aka ɗauke Barde ya ruga bakin ruwa. Ya ɗaga kai ya hango ƙetare. Dakarunsa sun gama wa Gafiya aiki, ta shige raminta ta toshe ƙofa, ko sannu. Layi ya goge. Na gaba ya rasa warin da zai bi, sai ya bi na ƙarshe, kowa na bin na gabansa, suna ta zagaye a wuri ɗaya kamar masu niƙa. Ya yi kira har muryarsa ta dushe, ƙarar ruwa ta hana su ji.

Ya zo fada ya ce, "Ranka ya daɗe, yarana suna can suna zagaye, in ba a kai musu ɗauki ba gajiya za ta kashe su. Kuma kada ka sake hawa turmin nan, cikinsa ya zama gari."

Sarki ya ce, "Kai dai ba ka da labari mai daɗi. Gobe ake kawo mini kalangu."

Washegari da hantsi ya tara jama'a don tarbar kalangu. Ya hau turmi, ya miƙe ƙafafun gaba, ya buɗe baki zai fara jawabi. Ya yi gyaɗawa ɗaya, ya yi ta biyu, a ta uku sai ji aka yi ruguzum! Turmi ya rufta da shi. Ƙura ta tashi, gara ta watsu ko'ina. Da ƙyar aka jawo Sarki, ya yi buɗu-buɗu, rabin wutsiyarsa ya tsaya a ciki. Kalangu kuwa har yau bai iso ba.

Gara ta juya ta nufi ginshiƙin bukka, inda sauran gidajen gari suke. Jama'a suka fara ɗaure kaya.

Sarki ya ja gindi ya zo wurin Barde, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Barde, mu shiga daga ciki mu yi magana."

"Cikin ina, ranka ya daɗe? Fadar ce ga ta nan a ƙasa."

Sarki ya ce, "To faɗi a nan. Me za a yi?"

Barde ya kai shi inda ƙorama ta tsuke. Aka jawo dogon karan dawa aka tura, bakinsa ɗaya ya maƙale a saiwar wancan gefe. Na wannan gefen kuwa ruwa sai fizgarsa yake yi, kuma duk garin ba mai ƙarfin riƙe shi sai Sarki.

Barde ya ce, "Da baki za ka riƙe. Zan haye in shimfiɗa sabon layi in jawo su. Amma ka ji ni da kyau, ranka ya daɗe. In ka gyaɗa kai ko sau ɗaya, kara zai girgiza su zube a ruwa."

Sarki ya cije kara. Barde ya haye, ya kutsa cikin zagayen nan ya tsinka shi, ya juyo da su. Suka biyo shi ɗaya bayan ɗaya, a galabaice, kowanne ya sauko ta kan hancin Sarki da warinsa da komai. Wuyan Sarki ya yi ta ƙaiƙayi, idonsa ya kawo ruwa, ƙuda ma ya zo ya sauka masa a ka. Bai motsa ba. Tsofaffin gari sun ce tun da aka haife shi ba a taɓa ganin kan nan a tsaye haka ba.

Da na ƙarshe ya sauko, Sarki ya saki kara yana haki, ya ce, "Sun cika?"

Barde ya bi layi ya duba, ya sake dubawa. Mai ɗingishi ba ya ciki. Ya ce, "Saura goma sha ɗaya, ranka ya daɗe. Sun faɗi a wurin zagaye tun jiya."

Sarki ya dubi ƙetare. Sannan ya ce, a gaban kowa, "Faɗa mini sunayensu." Barde ya faɗa masa ɗaya bayan ɗaya, kafin ya ja sauran su tafi ceton bukka.

An mayar wa Barde sarautarsa a ranar. Sarki kuwa ya koma shan rana a kan wani ƙaramin dutse, da guntuwar wutsiyarsa. Wuyansa bai daina halinsa ba, amma yanzu in Barde ya kawo magana, sai ya ce, "Kada ka dubi kaina, tsaya ka ji bakina."

Darasin wannan labari shi ne, shugaban da ya ƙi sauraron masu aikinsa a cikin ɗaki, wata rana zai ji maganar a bainar jama'a, kuma ba za ta yi masa daɗi ba. Kafin ka tura 'ya'yan mutane tsaron gidan wani don a yabe ka, fara tambayar wanda ya san hanya ta ina za su dawo, kuma wa zai tsare naka gidan.