Haƙorin Makka a Bakin Jimina

An yi wata Bushiya a wani ƙauye da ake kira Gangaren Ɗinya. 'Yar mitsitsiya ce, ƙafafunta kamar tsinken sakace, amma in ta ce za ta yi abu, to ka gyara zama, sai ta yi shi. Maƙwabciyarta kuwa Jimina ce, doguwa mai wuya kamar taɓarya, wadda ko gaisuwa ba ta yi sai ta duba ko ana kallonta.

Bushiya tana da tsohuwa, ana ce mata Inna, idonta ya riga ya tafi. Tun Inna tana da ƙarfi ta taɓa ɗaukar hanyar Makka a ƙasa, ciwon ƙafa ya dawo da ita daga Barno. Abin da ya rage mata na wannan tafiya shi ne wani ɗan gora da ta tanada don ɗebo zamzam. Shekara da shekaru yana rataye a bango, ba komai cikinsa sai yanar gizo.

Wata rana Inna ta lalubo goran, ta girgiza shi kusa da kunne, ta ce, "Ni da kai dai da ƙishirwa za mu tafi."

Bushiya ta ce, "Ba ni shi, Inna."

"Ki yi me da shi?"

"In cika miki."

Inna ta yi dariya har da tari. "Ke da ko kasuwar Laraba sai kin huta sau uku?"

"To in huta sau dubu uku. Ke dai ki jira ni, kada ki je ko'ina sai na dawo."

"Ji 'yar nema! A hannuna abin yake?" Ta miƙa mata goran. "Ungo. Allah Ya kai ki, Ya dawo da ke."

Ashe duk wannan magana a kunnen Jimina. Dama ita danga ba ta kare mata komai, wuyanta ya fi dangar tsawo.

"Makka? Ke? Wato gobe a ce miki Hajiya, ni kuma a ce mini Jimina gatsau? Wallahi ƙafata ƙafarki!"

Bushiya ta ce, "Hanya ta kowa ce, Yaya. Ki dai yi guzuri."

Bushiya ta ƙulle garin gero da ƙuli-ƙuli, ta rataya gora. Jimina ta ƙulle madubi da turare. Da kaka suka fita, suka fuskanci gabas.

To, ku ji yadda tafiyar take. Taku ɗaya na Jimina, taku arba'in na Bushiya. Da hantsi Jimina ta ɓace, sai la'asar Bushiya ta iske ta a gindin itace tana fifita.

"Sannu da zuwa, ƙunshin ƙaya! Na ɗauka sai baɗi. Miƙo ƙuli-ƙulin nan."

Bushiya ta miƙa mata. Ita tana da dabararta. Ba ta tunanin Makka da safe, don in ta yi tunanin nisan sai ta karaya. Sai ta zaɓi itace ɗaya can gaba ta ce, "Yau ni da wancan marken." In ta isa, ta zaɓi wani. Haka suka wuce Barno, suka zaga Tafkin Chadi, damina ta fara haɗa hadari, ƙuli-ƙuli kuma ya ƙare ƙarƙaf. Kashi uku cikin huɗu a wuyan Jimina ya wuce.

Suka sauka a wani gari mai babbar kasuwa, inda matafiya Makka ke yada zango. Al'adar masu tafiyar ƙasa kuwa ita ce, in guzuri ya ƙare sai a tsaya a yi ƙodago a gonakin mutane, a tara wani, sannan a ci gaba. Wani ya yi damina ɗaya, wani biyu.

Bushiya ta ce, "Yaya, na samo mana aiki. Gobe akwai noman dawa."

Jimina ta miƙe wuya. "Ƙodago? Ni? Da wannan gashin? In sunkuya a gonar wani, a gan ni?"

"Duk wanda ya je a haka ya je."

"To ni ba a haka zan je ba."

Suna cikin haka sai ga rumfar wani Burgu ɗan kasuwa. Kai, jama'a! Carbi ne, dabino ne, mayafi mai ƙyalli, zobba, ga kuma wani faranti cike da haƙora suna walƙiya. Kun san a wancan zamani duk wadda ta dawo daga Makka sai ta sa haƙori mai ruwan zinari, in ta yi murmushi ba sai an tambaya ba.

Burgu ya taso da sauri. "Hajiya, barka da sauka! Tsaraba ce?"

Jimina ta waiga ba ta ga kowa ba. "Da ni kake?"

"Da wa kuma? Wannan tsawo, wannan kwarjini, ai ko ba ki je ba kin je."

Shi ke nan, maganar ta shiga. Jimina ta tsuguna tana kallon haƙoran, idonta kamar zai faɗo. Ta ce a ba ta wanda ya fi girma. Ba ta da abin biya, sai ta juya baya, Burgu ya fige gashin wutsiyarta tas, don gashin jimina kaya ne mai daraja a can. Ya haɗa mata da ɗan dabino, da mayafi ta rufe wurin.

Sai Bushiya ta ce, "Yaya, tambaya ɗaya. A ina za ki maƙala shi?"

Jimina ta buɗe baki, Burgu ya leƙa. Babu haƙori ko ɗaya, tun da aka halicci tsuntsu.

Burgu ya ce, "Ƙaramin abu! Ga ƙaro. Kullum da safe ki shafa, ki manna a gefen baki. Ki dai rage dariya."

Washegari Jimina ta ɗaure kaya, ta fuskanci yamma.

Bushiya ta ce, "Makka fa tana can bayanki."

"Na sani. Wa zai auna? Gida za a ga haƙori, a ga dabino, a ce Hajiya. Ke kuma in kin so ki yi ta rarrafe."

"In na dawo aka tambaye ni, ba zan yi ƙarya ba."

Jimina ta duƙo da kai har ƙasa, ta dubi ƙafafun Bushiya ɗaya bayan ɗaya. "Ki dawo? Da waɗannan?"

"Da su. Abu ɗaya nake roƙo. Ki ce wa Inna ina hanya, goranta yana nan, ta jira ni."

"An gama," in ji Jimina, haƙori yana lilo.

Bushiya ta yi daminarta a nan, ta tara gari, ta kama hanya ita kaɗai. Ta ratsa ƙasar da ba itacen da za a zaɓa, sai ta koma zaɓen dutse. "Yau ni da wancan baƙin." Ƙafarta ta yi faso, ta ɗaure da tsumma. Tsumman ya cinye, ta ɗaure da ganye.

Guzuri ya sake ƙarewa a ƙasar auduga, kusa da Kogin Nilu. Mai gona ya dube ta ya ce, "Ke da wane hannu za ki tsinci auduga?" Bushiya ta ce a bar ta ta gwada. Ta dunƙule, ta gangara cikin kunyar audugar, ta fito can ƙarshe fara fat kamar curin kaɗi, ƙayoyinta sun kwashe komai. Mai gona ya roƙe ta ta zauna har abada, ya ce zai gina mata ɗaki. Ta ce, "Na gode. Akwai mai jirana."

Ta isa bakin Bahar Maliya, ta ga ruwan da ba a hango ƙarshensa, ta shiga jirgi tana rungume da gora, ta yi amai tun daga wannan gaɓa har waccan. A shekara ta uku ta isa. Ta yi aikinta cikin natsuwa, ta yi wa Inna addu'a, ta yi wa Jimina ma. Ta sha zamzam ta ƙoshi, ta cika gora, ta toshe bakinsa da kakin zuma.

A hanyar dawowa ne abin ya kai maƙura. Ta isa wata rijiya da ta sani, ta tarar ta ƙafe. Rana a tsaka, harshenta kamar ɓawon gyaɗa, ga ruwa yana ƙolon-ƙolon a bayanta. Ta sauke goran, ta sa farce a kan kakin.

"Kurɓi ɗaya kawai. Inna ba ta gani."

Sai ta tuna yadda Inna ke girgiza gora kusa da kunne. Ta janye farcen, ta mayar da shi baya, ta ɗaga ido. "Yau ni da wancan tudun." A bayan tudun ta sami makiyaya, suka ba ta nono.

Bayan shekara biyar cif ta shigo Gangaren Ɗinya da hantsi, ranar kasuwar Laraba. Ta yi sallama. Wata kaza mai sayar da daddawa ta ɗago, ta ƙwalla ihu, "Fatalwa!" Kasuwa ta watse, kowa ya kama gabansa.

Bushiya ta tsaya tana mamaki, sannan ta nufi gida. A ƙofar gida ta ga taro. Jimina ce zaune a kan darduma, mayafi har ƙasa, haƙori a gefen baki ya fara kore, tana ba da labari da baki a karkace don kada ya faɗi. Inna tana gefe, jingine da bango.

Jimina tana cewa, "Maliya? Ai iyakarta gwiwata, da ƙafa na ƙetare. Ita kuwa marigayiya, Allah Ya jiƙanta, a can ta cika. Da ƙafata na haƙa mata kabari. Inna, shekara huɗu ke nan ina faɗa miki ki haƙura a yi sadaka."

Inna ta ce, "Ba yau ba."

"Salamu alaikum," in ji Bushiya.

Jimina ta waigo. Ta ja numfashi da ƙarfi, "Hiiii!" Sai aka ji ƙwal! Haƙori ya ɓalle ya faɗa maƙogwaro. Kun san tsawon wuyan nan. Jama'a suka zuba ido suna kallon ƙullutu yana gangarawa sannu a hankali, tun daga sama har ƙasa. Wani ɗan akuya ya ce, "Ga shi can! Ya kai rabi! Ya wuce Barno!"

Inna ba ta motsa ba. Hannu kawai ta miƙa. "Kin daɗe. Kawo."

Bushiya ta sa mata gora a hannu. Inna ta girgiza shi kusa da kunne, ta ji a cike yake maƙil. Ta ɓare kakin, ta yi bisimilla, ta kurɓa. Hawaye suka zubo mata.

Bushiya ta ce, "Inna, an ce miki na mutu. Me ya hana ki yarda?"

Inna ta goge baki. "Ranar da wannan doguwar ta dawo, ta kawo mini zamzam a ƙoƙo. Na kurɓa, sai na ji rijiyar bayan masallacinmu ce, har da warin gugan Malam Kwaɗo. Shekara hamsin ina shan ruwan nan, a ce ban san shi ba? Na ce a raina, wadda ba ta je ba, ina ta ga gawa? Sai na gyara zama."

Aka fashe da dariya. Jimina ta miƙe, baki ba haƙori. Ta zabura da gudu, mayafi ya sarƙe a danga, ta bar shi nan. Aka raba sauran zamzam ɗigo-ɗigo, kowa ya samu. Bushiya ta rage kaɗan ta aika wa Jimina, ta ce a gaya mata hanya tana nan inda ta bar ta, kuma har yanzu ana neman 'yan ƙodago.

An ce tun daga ranar Jimina ke haɗiye duk wani abu mai ƙyalli da ta gani a ƙasa, wai ko zai je ya turo mata haƙorinta.

Darasin wannan labari shi ne, yara, suna ba ya maye gurbin aiki. Wanda ya sayi alamar abin da bai yi ba, kullum yana cikin fargabar ranar da za ta ɓalle. Kada tsawon ƙafar wani ya karya muku gwiwa, kada kuma ku ji kunyar aikin da zai kai ku gaba. In hanya ta yi muku nisa, ku zaɓi itace ɗaya ku isa gare shi, gobe ku zaɓi wani. Kuma in za ku yaudari tsohuwa, ku tuna ta riga ku sanin ɗanɗanon rijiyar garin.