Kala a Gonar Allah

A zamanin dā, lokacin da masu arziki ke ba gidajen ibada filaye don a riƙa ambatonsu cikin addu'a, an yi wata gwauruwa wadda ba ta da gona ko taku ɗaya. Da kala take ci. In an gama girbin dawa a gonar wani attajiri, sai ta shiga da kwandonta ta tsince zangarniyar da ta zube, abin da zai kai ta damina ke nan. Mutumin ba wani na kirki ba ne, amma bai taɓa hana ta ba.

Da tsufa ya kama shi, sai ya tara jama'a ya miƙa gonar ga gidan ibada, aka yi ta sa masa albarka. Kaka na zagayowa, gwauruwar ta tarar an kewaye gonar da ƙaya, ga wakilin gidan tsaye a ƙofa da sanda. Ya ce mata yanzu gonar Allah ce, kowace ƙwaya tsattsarka ce, sai dai ta zo ranar rabon sadaka ta durƙusa a auna mata mudu guda. Ku ji fa, mudu guda har damina!

Ranta ya ɓaci ƙwarai. Tana tsoron sandan, amma ta san yunwar rani.

Ta ce, "Malam, da gonar nan tana hannun mai zunubi irina, na ci. Yau da ta koma hannun Ubana ne za a hana ni? Je ka kira mai gonar ya kore ni da bakinsa."

Ta raɓa shi ta wuce. Ya ɗaga sanda, ya rasa da sunan wa zai buga. Ta sunkuya tana tsinta har kwandon ya cika.

To, ga ma'anar misalin, kuma ba zan sassauta muku ba. Gonar ita ce duk abin da muka ce mun ba Ubangiji, filin ikilisiya ne ko rumbun baiko, wato hatsin da masu ibada ke kawowa. Wakilin kuwa mu ne, masu riƙon mabuɗi. Allah ba ya cin dawa, 'yan'uwa, matalauta ke ci a madadinsa. Duk kyautar da ta sa mai yunwa ya ƙara yunwa ba ta isa wurinsa ba, a hannunmu ta tsaya. In an shigo muku babu durƙuso, ku sauke sandan. 'Yar mai gona ce ta zo.