Dokar Gemu

Me ke sa mutum ya rungumi zunubi, sannan ya kafa masa doka, ya kiyaye dokar nan fiye da yadda yake kiyaye sallarsa? Na daɗe ina juya wannan tambaya a raina, ya 'yan uwa, har yau ban samu amsa ba.

An yi wani mutum a Kazaure mai shagon lemo a bayan tasha. Daga gaba lemo ne da ruwan leda. Can ƙurya kuwa jarkoki biyu ne na giya, yana ɗura wa direbobi a robar zoɓo. Amma yana da doka: ba ya sayar wa yaro. Duk wanda ya zo sai ya dubi haɓarsa. In babu gemu, ya kore shi.

"Je ka ƙaro shekaru, ɗan nan. Ni ba na lalata 'ya'yan mutane."

Da gaske yake, har alfahari yake yi da haka. Matarsa Fatu ta sha roƙonsa.

"Baban Nafisat, ka zubar da abin nan. Su masu gemun ba 'ya'yan mutane suke ɗauka a mota ba?"

"Manya ne, sun san iyakarsu. Ba zan zubar ba."

To amma ku duba. Duk ranar da iyalinsa za su yi tafiya, da kansa yake raka su tasha ya zaɓa musu mota. "Ban da waccan, ku jira ta bayanta." Ya san wanda ya sha da safe, tunda shi ya zuba masa. In har ya yarda manya sun san iyakarsu, zaɓen na mene ne?

Wata rana 'yarsa Nafisat ta tafi Babura suna. Ya zaɓa mata mota kamar kullum, ta sauka lafiya. Abin da bai taɓa tunawa ba shi ne dawowa. A tashar Babura babu mai zaɓa mata.

Bayan azahar ta shiga motar wani dattijo, shekararsa talatin yana tuƙi. Da safen nan ya karɓi roba biyu a hannun ubanta. Ba su yi nisa ba motar ta ƙwace masa, ta daki bishiya. Dattijon bai tashi ba. Nafisat ta karye a cinya. Masu kai ɗauki suka tsinci robar a ƙarƙashin kujera, kafin la'asar kowa a tasha ya san daga inda ta fito.

A asibiti ta kama hannun ubanta.

"Baba, dattijo ne fa, gemunsa fari fat. Na ce irin wanda za ka zaɓa min ke nan."

Ya kasa ɗaga kai.

Ya 'yan uwa, kare yara alheri ne, ban raina shi ba. Ina ma ganin wannan ɗan guntun tsoron Allah da ya rage masa shi ne ya hana zuciyarsa mutuwa. Amma giya ba ta duba gemu. Wanda ya zuba wa direba, ya zuba wa duk wanda ke cikin motar, har da wanda yake so. Duk da haka ƙofar tuba ba ta rufe ba, muddin da numfashi.

Nafisat ta warke, tana ɗan ɗingishi. Ranar da ta fara taka ƙafa, ubanta ya fito da jarkokin da tsakar rana, ya ajiye a bakin kwalbati, direbobi na kallo. Wani ya ce, "Haba maigida, ko rabi ka rage mana mana." Mai shagon ya sunkuya. Ya kwance murfi ya tuntsurar da ta farko, ya jawo ta biyu.

Allah ya kiyaye mu, ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo mana da su lafiya.