Ƙofar da Ke Jiran Amin

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da ƙararrawar coci tsohon ƙarfen taya ce a rataye jikin mangwaro. Sunansa Baba Habila. Bawan Allah ne kawai. Ba ya wa'azi, ba ya ba da waƙa, ko karatu bai iya ba. Aikinsa ɗaya ne, tsaron ƙofar coci, kuma shekara talatin yana yinsa. In ka raba shi da ƙofar nan, ka raba shi da duniya.

A cocin akwai doka, dattawa ne suka kafa ta da bakinsu: in an fara addu'a a rufe ƙofa, ba mai shiga sai mai addu'a ya ce Amin. Baba Habila ya riƙe dokar nan da hannu biyu. Matarsa ma ta taɓa makara ya bar ta a waje. Ranar dai bai ci tuwo ba.

To, ku saurara. Rufin cocin ya ruɓe. Da damina rabin jama'a na waƙa, rabi na tarar ruwa da bokiti. Sai zaɓe ya matso. Kun san 'yan siyasarmu: shekara huɗu ko ƙurar motarsu ba ka gani, amma da an buga gangar siyasa kowa sai ya tuna an yi masa baftisma. Onarabul Tanko, mai neman komawa kujerarsa, ya aiko cewa zai zo sujada ranar Lahadi, kuma zai rufa cocin da sabon kwano.

Lahadi ta zo. Aka yi waƙa, aka ƙara waƙa, Onarabul shiru. Fasto Amos ba ya son ya fara wa'azi babban baƙo ba ya nan. Sai ya raɗa wa Dattijo Istifanus ya tashi ya yi addu'a, kada ya ce Amin sai Onarabul ya shigo. Dabara ce mai kyau. Abu ɗaya ya manta, Baba Habila.

Dattijo ya ce mu yi addu'a. Baba Habila ya ja ƙofa, ya tsaya a waje, ya jingina da ita, ya rufe ido. Ba a daɗe ba sai ga jiniya, ga motoci, ga 'yan kore. Babbansu ya ce a buɗe, Onarabul ne.

"Sannunku da zuwa," in ji Baba, ido a rufe. "Ana addu'a."

Ɗan koren ya tambaye shi ko ya san wanda yake tsarewa. Baba ya ce ya san shi sarai, tun yana tsallake tagar nan yana gudun makarantar Lahadi. Onarabul da kansa ya matso, ya sassauta murya, ya yi masa zancen buhun taki, ya ƙara da keke.

"Ranka ya daɗe, da ƙofar gidana ce, da cire ta zan yi in shimfiɗa maka ka taka. Amma ana magana da Wanda ya fi ka, ya fi ni. Ga kujerata, ɗan zauna."

Kun ga inda aka tsaya? Na ciki ba zai ce Amin ba sai na waje ya shiga. Na ƙofa ba zai buɗe ba sai na ciki ya ce Amin. Fasto ya ji jiniya, ya buɗe ido ɗaya yana ta yafito Baba ta taga. Baba kuwa idonsa a rufe, ai addu'a ake yi.

Shi Dattijo Istifanus kunnensa da nauyi, bai ji komai ba. Ya yi wa marasa lafiya addu'a, ya yi wa marayu, ya gangaro kan awaki da kaji. Da abin faɗa ya ƙare, sai ya shiga abin da ke cikinsa. Ya tuna wa Ubangiji gadar da aka yi alkawari shekara huɗu. Ya tuna masa rijiyar burtsatse da aka zo aka ɗauki hoto da ita, washegari aka kwance injin. Ya ce, "Ya Uba, ka ba shugabanninmu kunne. In kunne ya yi musu nauyi, ka ba su kunya." Tagar kuwa ba gilashi. Onarabul yana tsaye a rana, babbar riga ta jiƙe sharkaf, yana ji kalma bayan kalma. Fasto ya ja rigar Dattijo. Dattijo ya ɗauka ƙarfafa shi ake yi, ya shiga zancen asibiti.

Mama Rifkatu, shugabar zumuntar mata, ita ta ceci jama'a, don ta bar wake a wuta. Ta matsa har kunnen Dattijo ta ce, "Cikin sunan Yesu." Bakinsa ya saba, ya ce Amin. Baba Habila ya buɗe ƙofa har bango. Sai dai Onarabul ya riga ya yi zuciya, ya wuce cocin ƙauyen gaba.

Ranar dattawa suka zauna. Su da suka kafa dokar, su suka ce Baba ya jawo wa ikkilisiya asarar kwano, ya sauka daga ƙofa. Bai tuna musu dokar wa ya bi ba. Ya ce to, Allah ya ba mu haƙuri. Washegari aka gan shi a kan rufin, tsoho da shi, yana buɗe tsofaffin gwangwanaye yana liƙe ramuka. Samari suka ji kunya suka hau. Da ruwan fari ya sauka, ɗigon ya ragu saura bokiti biyu.

Mutanen ƙauyen gaba fa? Sun katse wa'azi, sun ba Onarabul mumbari, sun yi masa guɗa. Zaɓe ya wuce, damina ta zo ta wuce. Abin da ya iso musu kalanda ce mai hotonsa. Da ita suka toshe taga.

Dattawa suka je gidan Baba da kansu, kai a sunkuye, suka ce ya koma ƙofarsa. Tambaya ɗaya ya yi musu: dokar tana nan ko an cire? Suka ce tana nan. Lahadi ta biyu Fasto ya fita ɗauko tabaronsa, aka fara addu'a. A waje ya ce Amin ɗinsa.

'Yan'uwa, ga abin da nake so mu tafi da shi: gaskiyar da ke duba fuska kafin ta tsaya, ba gaskiya ba ce. Mu ne muke zama wurin mai shayi muna zagin gwamnati har shayi ya huce. Amma ranar da babbar mota ta tsaya a ƙofarmu, mu ne masu guje-gujen ɗauko kujera, mu tashi tsohuwa daga benci. Ba kowa Allah ya ba kujerar mulki ba, amma kowa ya ba shi ƙofa. Taka layin famfo ce, ko shago, ko katin zaɓen da ke aljihunka. Ka tsare ta. Kowa ya zo, da jiniya ko da silifa, ka gaishe shi da ladabi, ka ba shi kujera, ya jira Amin.