Ƙarar Motar Baba

Ƙawata, ajiye abin da ke hannunki ki ba ni kunnenki. Labarin nan ya daɗe yana ci mini rai.

Akwai wani mutum da kowa ke kira Manaja, saboda shi ke riƙe da wani babban ofis a tsakiyar gari. Mahaifiyarsa ce kaɗai ba ta kiransa haka. Ita "Babana" take ce masa, tun yana rarrafe har ya fara furfura.

Mahaifinsa ya rasu ya bar gida a can bakin gari, inda motar haya ba ta cika shiga ba. Ya bar Mama da 'yarta Auta, da wata tsohuwar mota a ƙarƙashin rumfar kwano a tsakar gida.

Marigayin yana da yadda yake bi da motar nan. In ta kwana biyu ba a tashe ta ba, sai ya buɗe bonet, ya zaro sandar gwada mai, ya goge da tsumma, ya duba. In man ya yi ƙasa ya ƙara daga galan ɗin da ke kusurwar rumfa. Sannan ya yi bisimilla ya murɗa makulli.

Da ta tashi sai ta kama ƙara, kaca-kaca-kaca, kamar ana kaɗa cokula a cikin gwangwani. Shi kuwa sai ya naɗe hannu ya zauna.

"Mai ne ya sauka ƙasa, bai hau ba tukuna," yakan ce wa 'ya'yansa. "Fushi take yi an bar ta. Ku bar ta ta gama faɗanta."

Ba a jimawa ƙarar take lafawa, injin ya koma gurnani a hankali.

Bayan rasuwar, abu ɗaya Mama ta roƙi Manaja.

"Babana, ka riƙa zuwa ƙarshen mako kana tayar da motar nan. Kada ta mutu a tsaye."

Da farko yana zuwa. Amma akwai abin da ke ɓata masa rai. Da ya yi sallama, kafin ya cire takalmi, Mama ta fara.

"A'a, yau baƙo muka yi? Auta, kawo wa baƙo ruwa. Ai na ɗauka sai a makabarta za mu gaisa. Waya ma sai na kira? Jikokina ko kamanninsu na manta."

Manaja sai ya ji kansa ya ɗau zafi. A ofis mutane tashi suke yi in ya shigo, a nan kuwa ana yi masa faɗa kamar wanda ya fasa tulu. Sai ya tayar da motar a gurguje, ya kashe, ya duba agogo.

Auta takan bi shi har ƙofa.

"Yaya, ka zauna kaɗan mana. Wallahi in ta gama sai ka ga ta koma hira da dariya. Har abincinka ta ajiye a kula tun safe."

"Ke da ba ki da aikin yi ki zauna ki ji. Ni kaina ba gangar faɗa ba ne."

Daga kowane mako ya koma wata-wata. Da zuwan ya yi nisa, faɗan Mama ya ƙara tsawo. Da faɗan ya ƙara tsawo, zaman nasa ya ƙara gajarta.

Wata rana ya zo da sifana a aljihu. Ya buɗe bonet ya kwance kan batir, ya ja tamfol ya rufe motar ruf.

"Shi ke nan, Mama, na huta kin huta. Ko shekara ta yi a haka batir ba zai sauka ba. Ba sai an riƙa tayar da ita ba."

Mama ta daɗe tana kallon tamfol ɗin. Ranar ba ta yi faɗa ba.

"To, Babana. Allah Ya yi albarka."

Ya fita yana jin ya yi dabara.

Bayan nan ta kira shi a waya wata safiya.

"Babana, akwai wani baƙin tabo a ƙasan motar nan, kullum faɗi yake ƙarawa. Ko za ka zo ka duba?"

"Mama, ina cikin taro. Tsohuwar mota ce, dole ta yi ɗiga."

Ya kashe wayar yana cewa a ransa, wata hanyar jawo shi ce ta sake ƙirƙirowa.

Watanni suka shuɗe.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne. Auta ta kira tana kuka: Mama ta faɗi a bakin famfo, bakinta ya karkace, hannunta ɗaya ba ya motsi. Direban Manaja ya riga ya fita da motarsa wani aike mai nisa. Manaja ya tare babur ɗin haya ya hau da rigar ofis.

Ya iske Mama a kwance kan tabarma, idonta biyu, tana ƙoƙarin magana. Maƙwabta masu mota duk sun tafi wurin aiki.

Ya fizge tamfol, ya mayar da kan batir. Shi da Auta suka kwantar da Mama a kujerar baya. Ya murɗa makulli. Motar ta yi tari, ta sake yi, sannan ta kama.

Kaca-kaca-kaca-kaca!

Ƙarar ta fi ta kullum, har kwanon rumfar yana amsawa.

"Yaya, kashe ka duba mai!" in ji Auta. "Ga galan nan a bayanka. Baba yakan duba, kuma yakan jira!"

"Jiran me? Ba ki ga halin da take ciki ba? Buɗe mini ƙofar gida!"

Ya taka totur har ƙasa don ƙarar ta wuce da wuri. Injin ya yi kururuwa. Ya sa giya ya ja, hancin motar ya fita ƙofar gida. Sai aka ji ƙau! kamar an buga guduma a kan ƙarfe. Hayaƙi ya taso. Motar ta tsaya cak, rabi a waje rabi a ciki, ta toshe ƙofar.

Ya murɗa makulli, ya sake murɗawa. Ko tari ba ta yi ba. Man ya daɗe da tsiyayewa a ƙasa, ɗan abin da ya rage bai kai ga hawa ba, injin ya buga.

Ƙofar motar ma ta ƙi buɗuwa saboda bango ya tokare ta. Sai da matan maƙwabta suka taru aka tura motar baya da ƙyar. Manaja ya ruga har babban titi, takalmi ɗaya a ƙafa, yana ɗaga wa motoci hannu. Kafin a samu wadda ta yarda ta shigo layin, rana ta take.

A asibiti likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. Ya ce irin wannan ciwon da wuri ake so a kawo shi. Manaja bai tambaye shi ko da an zo da wuri da me zai faru ba. Tsoron amsar yake yi.

Mama ta rayu, Allah Ya yi da sauran kwana. Amma maganarta ta tafi.

Yanzu kullum bayan la'asar Manaja yana gidan. Ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa gefen gadonta. Wani lokaci da gangan yake makara, ya shigo yana cewa:

"Mama, ga baƙonki ya zo. Kin ga na yi latti ko? Ki yi mini faɗa mana. Ki ce Auta ta kawo wa baƙo ruwa."

Sai ta dube shi. Leɓenta ya motsa, ya sake motsawa. Babu abin da ke fita. Sai ta ɗora hannun da ke da lafiya a kansa.

Yakan kai magariba a zaune yana jira. Motar tana nan a rumfa, baƙin tabon yana ƙarƙashinta. Ya hana a wanke shi.

Darasi: Wanda aka daɗe da bari, in an dawo gare shi da ƙara yake farawa. Ba ƙiyayya ba ce, kewa ce. Ki zauna, ki yi shiru, ki bari ya gama, zai lafa. In mahaifiyarki tana da ran da za ta yi miki faɗa yau, ki gode wa Allah ki je ki ji. Ki tura wa 'yan uwa darasin nan ko wani zai farga tun da sauran lokaci.

Amma ƙawata, in kin gane gidan da nake nufi, don Allah ki bar shi a cikinki. Kada ki faɗa wa kowa. Abin da ke damun bawan Allahn nan ya ishe shi.